Siminti a Kan Soron Hajiya Babba

Kakana Malam Ilu magini ne, na ƙasa ba na bulo ba. A Birnin Kudu muke, amma akwai aikin hannunsa a Wurno da Sundimina, har Gwaram. Ba ya son a tambaye shi yadda ya ji a ransa game da wani abu. In ka yi masa irin wannan tambaya sai ya tashi ya tafi duba akuyarsa. Amma in ka tambaye shi yadda ake kwaɓa ƙasa, to ka nemi wurin zama, ko da yake shi ba zai zauna ba. Abin da zan rubuta nan, rabinsa daga bakinsa na ji, rabinsa kuma da idona na gani a hutun daminar da nake aji biyu na sakandare.

Samarin gidanmu duk buga bulo suke yi, domin tun da kuɗin mai ya shigo kowa siminti da kwano yake so. Babbansu shi ne Yaya Ɗanlami, ɗan baffana, kuma shi ne mai tsokanar Kaka. Wata rana da la'asar a ƙofar gida ya ce, "Kaka, ai aikinku ba wuya. Taɓo ne, a dunƙula a ɗora. Ko yara suna yi in an ɗauke ruwa."

Kaka ya ce, "Miƙo hannunka." Ya juya tafin, ya duba, ya sake shi. "Wannan hannun mai sayar da turare ne. Ni shekara uku na yi ina taka ƙasa kafin ubana ya bar ni na taɓa bango. A haƙo jar ƙasa, a zuba ruwa, a watsa ciyawa, mu shiga da ƙafa. A bar ta ta kwana, a sake takawa, har sai ta fara wari. In ba ta yi wari ba, ba ta nuna ba. Bayan nan na yi shekara biyu ina jefa tubali, shi yana bisa bango yana cafewa. In na jefa ya karkace ba zai yi magana ba, sai ya kauce ya bar shi ya dawo kaina. Ga tabon nan a goshina. Ban taɓa ganin tubalin da ya tsaya a sama don wanda ya jefa shi yaro ne ba."

Kayan aikinsa a cikin wani tsohon buhu suke, bayan ƙofar ɗakinsa. Gizago na sassaƙa itace, ƙaramin gatari, madaɓi, da igiyar rama. Sai wani baƙin dutse mai sulɓi, girman ƙwan zabuwa, ɗaure a bakin zare. Da shi yake gane ko bango ya miƙe. Ya riƙe zaren a sama, dutsen ya yi lilo ya tsaya, sai ya kalli tsakanin zaren da bangon. Yakan ce idon magini yana jin kunyar mai gida, amma dutsen nan ba ya jin kunyar kowa. Na lura ba ya ajiye shi a ƙasa, kuma kafin ya mayar da shi buhu sai ya goge shi da hannun rigarsa.

Aikin da ya fi ambata shi ne wani soro a Gwaram, wanda suka gina shekarar da aka samu mulkin kai. Shi ne aikinsa na ƙarshe tare da mahaifinsa, wanda a lokacin ya tsufa, yana zaune a tabarma yana nuni da sanda. Rufin irin wanda ake kira ɗaurin guga ne. Azara, wato tsagin itacen giginya, aka ɗauko daga wajen Fagam. Ana kafa ta a bango ta kusurwa huɗu, kowace ta ɗan leƙo ciki, a ɗaure da igiya, a ɗora wata a kanta ta ƙara leƙowa, har su haɗu a tsakiya. Sannan a rufe da zana da ƙasa, a shafe sama da laso, haɗin da ake yi da katsin marina don ruwa ya zame ya bi indararo. Laso yana son a sabunta shi kafin damina.

"Kowace azara so take ta faɗi," in ji Kaka. "Aikin magini shi ne ya sa su faɗi a kan juna lokaci ɗaya, sai kowace ta tare 'yar'uwarta. Ba ka hana nauyi sauka. Hanya kake ba shi ya bi bango ya shiga ƙasa."

Mai soron ya rasu, ya bar matarsa Hajiya Babba a ciki. Ɗansu Alhaji Sabo ya samu kwangila, ya rushe gidan ya mayar da shi na bulo, sai soron nan kaɗai, domin tsohuwar ta ce ba ta fita. Alhaji ya gaji da neman masu laso kowace shekara, ya aika aka kira Kaka, ya ce a shafe rufin da siminti a huta. Lokacin Kaka ya yi rani biyu ba wanda ya kira shi aiki. Ya gaya wa Alhaji cewa ƙasa tana numfashi, in ta jiƙe rana takan busar da ita. Siminti kuwa rana za ta tsattsaga shi sirara kamar gashi, ruwa ya shiga ya rasa hanyar fita.

Alhaji ya ce, "Malam Ilu, a Kano haka ake yi. In ba za ka iya ba, akwai yara."

Kaka ya yi aikin. Ba ya cewa an tilasta shi. Abin da yake faɗi kawai shi ne, "Na sani, kuma na yi."

Daga nan zama ya gagare shi. Damina ta farko ta wuce lafiya. A ta biyu, da hadari ya haɗu ta gabas, wajen Gwaram, sai ya ajiye abin da ke hannunsa ya fita bakin hanya ya tsaya. Ya dawo, ya buɗe buhun kayan aiki, ya rufe, ya sake fita. Sau biyu ya shiga mota ya je, amma iyakarsa zaure, domin gidan ba a shiga, matan Alhaji suna ciki. Daga waje kuma simintin fes yake, har an shafa masa farar ƙasa. Mutumin da ya ɗaura rufin da hannunsa ba shi da ikon ganin cikinsa.

A makaranta kuwa, a zangon nan ne malaminmu na kimiyya, Malam Yohanna, ya hau kan tebur ya saki dutse da makulli tare, suka dira lokaci ɗaya. Ya ce doka ce, kuma yadda take a Birnin Kudu haka take a Ingila, ita ce ma ta riƙe wata bai ɓace mana ba. Ni ba na iya ɗaga hannu a aji, sai na rubuta tambayata a guntun takarda na ajiye masa a cikin littafi. Na ce wa ya kafa dokar, kuma don me? Washegari ya tsayar da ni a baranda ya ce, "Wannan ba zai fito a jarrabawa ba. Wanda ya kafa ta, ni da limaminku ba mu da gardama a kai. Amma me ya sa ba Ya ɗaga ta ko na rana ɗaya, ko don mutumin kirki, ni ma ina tambayar kaina. In kin samu amsa ki kawo min."

Da aka ba mu hutu Kaka ya kira ni da sunan wasan da yake kirana. "Amarya, zo in aike ki. Za ki Gwaram wurin gwaggonki Asabe, maƙwabciyar Alhaji Sabo ce. Ki riƙa shiga gaida Hajiya Babba. Kada ki kalli sama, an shafa masa fari, ƙarya zai yi miki. Ki kalli ƙofa. Ki kalli kan kwanonin jere. Ki buɗe hancinki."

Hajiya Babba 'yar ƙaramar tsohuwa ce, ba ta da haƙori, tana goge goro a wani magogin gwangwani ta zuba a baki. 'Yar boko take kirana, takan sa ni in zura mata zare a allura. Kwana huɗu ina zuwa. Ƙofar ɗakin tana jan ƙasa, har ta zana rabin da'ira a daɓen, kuma na ga alamar an taɓa sassaƙe gindinta amma ta sake kamawa. Kowace safiya akwai wani gari a kan murfin kwanon da ke can saman jere, alhali jikarta tana gogewa kullum. Ƙusar da take rataya tasbaha ta yi sako-sako, an cusa mata tsumma. Ɗakin kuma yana wari irin na cikin randa.

Ranar kasuwa na biyo mota na dawo. Na tarar da Kaka riƙe da ƙwaryar fura a tsaye. Na faɗa masa duka, kaina a sunkuye.

Ya ce, "Garin nan, ja ne ko fari?"

Na ce, "Baƙi-baƙi ne, kuma yana da zare-zare."

Ya ajiye ƙwaryar. "Ba ƙasa ba ce. Azarar ce take zuba."

Washegari da hantsi muna Gwaram. Alhaji Sabo yana zaure da rediyo a gefensa. Ya saurari Kaka, ya yi dariya. "Malam Ilu, siminti ne fa. Ka zagaya, ka ga tsaga? Ko aiki kake nema, mu rushe ka sake ginawa?"

"Ba na neman aiki, Alhaji. Ka fitar da mahaifiyarka."

"Ni in fitar da ita? Ɗaki na gina mata mai silin, ta ce kamar akwati. In ta ji maganarka, bismilla. Ga 'yar aikenka nan."

Haka na zama mai kai saƙo tsakanin zaure da soro. Na je na ce Kaka yana gaisuwa, ya ce rufin ya ruɓe, ta taimaka ta fito. Ta ce, "Ki gaida shi. Ki ce a ɗakin nan na yi rainon jikokina, a nan nake salla tun kafin a haife ki. Wanda Ya riƙe sama ba ginshiƙi ba zai gaza riƙe min ɗaki ba." Na kai. Kaka ya ce in koma in ce ko na kwana bakwai ne. Ta ce ko na yini ɗaya. Zuwa na uku ko kallona ba ta yi ba, tana ta gugar goro.

Kaka ya zagaya zauren sau biyu. Sai ya ɗauki buhunsa, ya ɗaga murya ya ce, "Salamu alaikum, a gafarce ni, namiji zai shigo!" Kafin Alhaji ya miƙe har ya wuce. Mata suka watse, wata ta bar taɓarya a turmi. Ya cire takalmi a ƙofar soron, ya shiga, ya zauna a ƙasa daidai inda azarori suka haɗu.

Hajiya Babba ta ja mayafi ta rufe fuska. "Ilu! Ka haukace ne?"

"Ni na zuba simintin, Hajiya. In zai sauko, ya same ni a nan."

Ya miƙo min zaren dutsen ya ce in hau kujera in riƙe shi a jikin bangon gabas. Dutsen ya yi lilo ya tsaya. A sama zaren yana manne da bango, a ƙasa kuwa dutsen ya lafe a jikinsa ya kasa rataya sosai, domin kan bangon ya ja baya, rufin yana tura shi waje. Kaka ya ce ranar da suka gama ginin, zaren da bangon tafiya ɗaya suke yi daga sama har ƙasa.

Tsohuwar ta leƙo ta gefen mayafi ta ce, "Wato kana nufin Allah ba zai iya riƙe shi ba?"

"Wane ni in faɗi haka. Zai iya. Amma tun ina yaro nake kallon aikinsa, ban ga Yana yi ba. Hajiya, da kika sa aka ɗora tukunya yau da safe, kin yi shakkar wuta za ta dafa? Kin taɓa ajiye tulu kina tsoron ya tashi sama? Da a ce yau dutse zai faɗi, gobe ya ƙi don wance ta fi wance salla, da ba mai iya ɗaura ɗaki, ba mai shuka, ba mai koya wa ɗansa komai. Abin da ya riƙe rufin nan shekara goma sha biyar, shi ne zai sauko da shi. Bai canza ba. Ni na saɓa."

Kaka ya murza garin azara tsakanin yatsunsa. Sai ya ƙara da cewa, "Ni ba malami ba ne. Amma a ganina Ya yi duniya yadda bawa zai iya koyonta, don ya zauna a ciki ya san akwai Mai ita. Kuma ba ta duka sai ta yi gargaɗi. Ƙofarki ta gaya miki. Garin nan ya gaya miki. Yarinyar nan ta gani. Saƙo nawa kike jira?"

Alhaji yana tsaye a bakin ƙofa, ya kasa shiga ya kasa tafiya. Hajiya Babba ta kalli sama, ta kalli Kaka, ta tofar da goro a kasko.

"Wa'azinka ka riƙe abinka," in ji ta. "Amma da tsufana a tono ni daga ƙasa tare da namijin da ba muharramina ba? Mutanen Gwaram su samu abin faɗi har jikokina? Allah Ya kiyaye. 'Yar boko, ɗauko min buzuna da butata."

Kafin azahar an kwashe kayan. Kaka ya ja ƙofar da ƙyar, ya ɗaure ta da igiyar rama, irin ƙullin da yake yi wa azara.

Sai rufin ya ƙi faɗuwa. Kwana ɗaya, biyu, uku. Aka yi ruwa mai ƙarfi, yana nan. Alhaji ya hana a taɓa shi, ya ce a bar shi ya ƙaryata Malam Ilu. Yaran shago suka fara kiran Kaka mai duba. Shi kuwa ya ƙi komawa gida. Yana sauka a zauren Gwaggo Asabe, amma ba a ganinsa zaune. Ya zagaya bayan soron, ya kara kunne a bango, ya je masallaci, ya dawo ya sake zagayawa. Hajiya Babba kullum mita take, ɗakin kwano ya hana ta barcin rana, in an yi ruwa kamar ana buga mata ganga a ka.

Rana ta shida gari ya waye tas, ba gajimare ko ɗaya. Da hantsi na shiga gaishe ta, na tarar da ita a ƙofar soron tana kokawa da igiya. Ta ja nan, ta tura can, ƙullin sai ƙara kamawa yake.

"Wannan wane irin mugun ɗauri ne? Ke, je ki madafa ki kawo min wuƙa."

Ban iya ce mata a'a ba. Na tafi, amma ban taɓa tafiya a hankali irin ta ranar ba. Na tsaya na gyara ɗankwali. Na ɗauki wuƙar, na ajiye, na ce bari in wanke ta. Ina cikin wankewa na ji ƙara kamar ana karya karan dawa, ɗaya, sannan da yawa. Sai ƙasa ta girgiza. Da na fito, ƙura ja tana fita ta ƙarƙashin ƙofar da ke ɗaure, tsohuwar tana zaune daɓas a tsakar gida, bakin igiyar bai bar hannunta ba. Bangon huɗu suna tsaye, rufin kuwa duk yana ciki, a kan inda gadonta yake a da.

Kaka ya shigo a guje, wannan karon ba sallama. Ya ga tana numfashi, ya juya baya da sauri ya koma zaure.

Shekarar da ta biyo baya ita ce mummunar shekararsa. Labarin da ya zagaya kasuwanni shi ne soron Malam Ilu ya rushe a Gwaram, saura kaɗan ya kashe tsohuwa. Ba mai ambatar siminti. Har masu ɗan gyaran katanga suka daina kiransa. Bai je ya kare kansa wurin kowa ba. Ya dai ɗauko guntun azara daga cikin ɓaraguzan ya sa a buhu. Ranar da Yaya Ɗanlami ya ce aikin taɓo ba wuya, bayan ya gama ba shi labarin tubali, ita ya ciro ya miƙa masa. Itacen da gara ma ba ta iya ci, sai ga shi ya marmashe a hannun Ɗanlami kamar busasshen ƙuli-ƙuli. Kaka ya ce, "Damina biyu ke nan a ƙarƙashin abin da kake bugawa. Siminti ba mugu ba ne, yana da tasa hanyar. Ka san tasa, ka san ta ƙasa, kada ka aurar da su don mai gida ya matsa maka."

Na rubuta wa Malam Yohanna abin da Kaka ya faɗa a soron, na ajiye masa a littafi kamar wancan karon. Ya dawo min da takardar, ya rubuta a ƙasa da jan biro cewa yana son ya ga dutsen.

Da kaka ta yi aka gama girbi, Gwaggo Asabe ta zo gida da saƙo. Ta tarar da Kaka a tsaye kamar kullum, fura a hannu. Ta ce Hajiya Babba tana gaisuwa, ta ce ita ba za ta mutu a cikin akwati ba. Ɗaki take so na ƙasa, ɗaurin guga, a kan bangon da ya rage in zai yiwu, in ba zai yiwu ba a tayar da sabo.

Kaka ya ce, "Alhaji ya sani?"

"Ta ce kada ka damu da Alhaji. Ta ce in gaya maka, wannan karon ka bi dokar Mai duniya, kada ka bi ta ɗanta."

Kaka ya jawo tabarma ya zauna. Ya shanye furar har ƙasan ƙwarya, abin da na daɗe ban gani ba. Sannan ya goge baki, ya leƙa ƙofar gida ya ce, "Ɗanlami! Gobe za mu Gwaram. Ka bar takalminka a gida, ba za ka buƙace shi ba."